WAKE, NAMAN TALAKA
Darasi domin Zumuntar Mata da iyayen gida

Karatu: Daniyel 1:8-16; II Sama'ila 17:27-29; Farawa 25:29-34.

Ya ku 'yan'uwa, ga kaka ta zo. A ƙasar Batagarawa, kusa da birnin Katsina, an yanke gero, mata da yara suna roron wake a gonaki. Ba da daɗewa ba 'yan kasuwa za su zo da buhunansu da kuɗinsu. Kafin maigida ya auna musu, bari mu duba abin da Allah ya ɓoye cikin wannan 'yar ƙwaya.

1. Wake cikin Littafi Mai Tsarki

Sa'ad da aka kai Daniyel da abokansa uku Babila, aka ba su rabo daga abincin sarki. Daniyel ya ƙudura ba zai ƙazantar da kansa ba. Ya roƙa a gwada su kwana goma da ruwa da abin da a ke shukawa kaɗai. Da kwanakin suka cika, sai aka ga sun fi sauran samari kyan jiki. Haka kuma lokacin da Dawuda ya gudu daga gaban Absalom, mutanen kirki suka tarye shi a Mahanayim da guzuri, wake kuwa yana ciki. Ashe abincin da sarki ya ci cikin wahalarsa, bai kamata mu rena shi ba.

2. Amfaninsa ga jiki

Abinci iri uku ne jiki ya ke bukata: mai ba da ƙarfi, kamar gero da dawa, mai gina jiki, kamar nama da ƙwai da madara, da mai tsare jiki daga cuta, kamar ganye da 'ya'yan itace. Nama ya yi tsada, amma wake yana cikin masu gina jiki. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake abin gina jiki ne, wanda likitoci su ke kira furotin. Yana kuma da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, abin da mace mai ciki ta ke bukata ƙwarai. Yana daɗewa a ciki, ba ya ta da sukarin jini da sauri. In an haɗa shi da hatsi, kowanne yana cika abin da ɗan'uwansa ya rasa.

A shekarar 1933 wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wata cuta ta yara a Ankara, ƙasar Gana ta yanzu. Yaro ya kumbura, gashinsa ya yi ja, ya daina wasa. Ta lura cutar takan kama yaron da aka yaye aka bar shi da kunu zalla. Wannan tamowa ba ta rabu da mu ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labari cewa yara 652 suka mutu a wuraren jinyarta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025 saboda rashin abinci mai kyau. Nijeriya kuwa ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin waken nan namu. Wannan abin tunani ne.

3. Yadda a ke kwaɗon wake

Mutanen Meksiko da Barazil suna da baƙin wake. Wasu sukan dafa shi, ya huce, su gauraya da ɗanyun kayan lambu, su kira shi salak. Mu ma mun san kwaɗo tun kaka da kakanni, farin wakenmu da ja kuwa sun isa. Ga abin da za a tanada domin mutum shida: wake gwangwani biyu, tumatir huɗu, albasa ɗaya babba, tattasai biyu, dafaffen zogale, garin ƙuli-ƙuli, lemun tsami biyu, man gyaɗa cokali uku, da gishiri kaɗan. Kayan lambun nan ba su da wuyar samu a wajenmu, gama ana nomansu da rani a bakin dam ɗin Ajiwa.

A tsince waken, a wanke, a jiƙa shi tun dare. Da safe a zubar da ruwan, a dafa da sabo. Wannan yana rage kumburin ciki. Kada a cika kanwa, gama tana ɓata wani amfanin waken. In ya nuna har yatsa yana murƙushe shi, a tsame ya huce. A wanke hannu da sabulu, a wanke kayan lambu sarai da ruwa mai tsabta, gama ɗanye za a ci su. A yayyanka, a zuba kan waken tare da zogale da ƙuli-ƙuli da mai, a matse lemun tsami, a gauraya. Lemun nan ba don daɗi kaɗai ba ne, yana taimakon jiki ya karɓi ƙarfen da ke cikin wake. A ci a ranar, kada a bari ya kwana.

Jariri kuwa nonon uwa kaɗai zai sha har wata shida. Bayan haka a surfe wake a cire ɓawonsa, a dafa ya yi laushi, a dame masa cikin kunu da ɗan mai.

4. Ajiyarsa

Da yawa suna sayar da wake da kaka don tsoron ƙwari, wasu kuma suna zuba masa maganin feshi. Wannan guba ne. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda irin maganin nan. Akwai hanyar da ta fi. A shanya shi ya bushe sosai, a zuba a jarka ko buhu mai riɓi uku da a ke kira PICS, a ɗaure baki kam. In iska ba ta shiga, ƙwarin za su mutu.

5. Abin koyo

Isuwa ya dawo daga jeji da yunwa, ya sayar da gādonsa na ɗan fari a bakin akushi ɗaya na fate. Ya ci, ya sha, ya tashi, daga baya ya yi kuka. Maigida, in ka sayar da waken gidanka duka domin bukatar kwana ɗaya, lafiyar 'ya'yanka ka sayar, da bazara kuma za ka saye shi da tsada. Ka ware na gida tukuna. Ku kuma mata, ku tuna da gwauruwa da maraya da maƙwabciya, ko Kirista ce ko Musulma. Tiya ɗaya ta wake tana iya zama shaidar ƙaunar Almasihu.

Tambayoyi
1. Me ya sa Daniyel ya ƙi abincin sarki?
2. Faɗi alamu uku na tamowa a jikin yaro.
3. Don me a ke matsa lemun tsami cikin kwaɗon wake?
4. Wane gida za ki taimaka a wannan wata?

Addu'a: Ya Uba, mun gode maka domin amfanin gona. Ka ba mu hikima mu ciyar da 'ya'yan da ka danƙa a hannunmu, ka kuma ba mu zuciyar rabawa da marasa shi. Cikin sunan Yesu. Amin.