GINA MANHAJAR ƘARI: Darasi Ga Masu Rubuta Manhaja

Masu rubuta manhajar kwamfuta sukan yi aiki ƙungiya-ƙungiya, saboda haka suna bukatar wurin da za a rubuta kowane aiki, da sunan wanda aka ɗora wa, da inda aka kwana. Jira, wadda kamfanin Atlassian na ƙasar Ostareliya ya fitar a 2002, tana cikin manhajojin da suka yi suna wajen wannan hidima. Amma ba ta iya biyan bukatar kowace ma'aikata. Don haka aka bar ƙofa ga mai son ya gina 'yar ƙaramar manhaja, ya liƙa mata. Ita ake kira manhajar ƙari.

Matakan Aiki

Na farko, maginin ya tsai da matsala guda ɗaya tak, misali tunatar da shugaban ƙungiya ayyukan da wa'adinsu ya wuce.

Na biyu, ya rubuta takardar bayani. A tsarin Forge, wanda kamfanin ya tanada domin wannan aiki, sunanta manifest.yml. A cikinta ake faɗin inda manhajar ƙarin za ta bayyana, da irin iznin da take nema. Wadda aikinta karanta ayyuka ne kawai, kada a nema mata iznin gyara su, domin asirin ma'aikata amana ne.

Na uku, ya rubuta umarnin da harshen JavaScript, ya jarraba a keɓe kafin ya kai ga jama'a.

Abin Lura

Manhajar ƙari rumfa ce a jikin katangar wani. Ranar 15 ga Fabrairu, 2024, Atlassian ya daina kula da nau'in Jira Server, wanda ma'aikatu kan girka a kwamfutocinsu. Manhajojin ƙarin da aka rubuta masa da harshen Java ba sa aiki a nau'in da kamfanin ke riƙe da shi ta intanet. Maginan da abokan cinikinsu suka koma can, tilas suka sāke gini.

Saboda haka wajibi ne magini ya shiga ta ƙofofin da mai manhaja ya amince da su a rubuce, ya riƙa bin sanarwarsa, ya kuma raba ainihin dabarar aikinsa da sashen da ke magana da Jira. In katanga ta gusa, sashen nan kaɗai zai gyara.