Ku Riƙa Leƙa Gidan Nan

'Ya'yana na Fakku, samari da 'yan mata, ku matso mu yi magana a kan gidajen da Allah ya jarrabta da yaro mai naƙasa. Kun san su. Akwai wanda shan inna ya shanye wa ƙafa, akwai wanda sanƙarau ya tafi da jinsa, akwai wanda tun haihuwa wuyansa bai tsaya ba, ya shekara biyar ana goyonsa. Yaron kuna ganinsa. Uwarsa ce ba ku cika lura da ita ba.

Ita ke farkawa cikin dare idan farfaɗiya ta taso masa. Ita ke dama kunu, ta jingina shi a ƙirjinta, ta riƙa ba shi da ɗan cokali kaɗan-kaɗan don kada ya shaƙe. Abin da ɗan wata zai shanye a tsaye, ita sai hantsi ya dube ta ba su gama ba. Ta wanke shimfiɗa, ta shanya, ta juya shi kada kwanciya ta ci masa baya. Biki ya wuce ta, suna ya wuce ta, gaisuwar rasuwa ma sai dai ta aika. Ƙuli-ƙulin da take yi a da ta samu na sabulu ya tsaya. Bayan duk wannan, wata za ta shigo ta ce mata ai iska ce, ko wani abu ta tsallaka tana da ciki.

"Allah ya ba da lada" addu'a ce mai kyau, ku ci gaba da yi. Amma ke 'yata, ki haɗa da zama da yaron daga azahar zuwa la'asar, uwar ta samu ta runtsa. Kai mai babur, ranar asibiti ka fitar da su bakin hanya ba ka karɓi ko sisi ba. Masu gashin ƙashi suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, masu duba farfaɗiya suna asibitin Kware, kuma ba zuwa ɗaya ake yi a gama ba. Sau da yawa kuɗin mota ke sa a daina zuwa, har gaɓoɓin su sake sandarewa. Ƙungiyar samarin da ke iya tara kuɗin ƙwallo da riguna ba za ta gaza wannan ba. Kafinta a cikinku ya haɗa kujera mai tallafe baya da wuya, mai walda ya gyara keken guragu.

Kada ku bari a kulle yaro a ɗaki don kunya, kada kuma a mayar da shi jarin bara. A Sakkwato akwai makarantar Abdurrashid Adisa Raji, inda makafi da kurame ke karatu. Tun Janairun 2019 dokar ƙasa ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci, kodayake takarda ba ta kai kanta ƙauye, sai masu ilimi irinku sun karanta wa iyaye. Addini ma ya riga doka: Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya yi ladanci, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa idan zai yi tafiya.

Ku da za ku yi aure gobe, ku riƙe wannan. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, albarkacin ɗigon da wasunmu suka taɓa gudu, don haka kada ku ɓoye yaro ranar rigakafi. Jariri kuwa idan idonsa ya yi ɗorawa a kwanakin farko, shawara ce mai iya taɓa ƙwaƙwalwa. A kai shi asibiti a ranar, ba sai an jira suna ba.