Me ya sa suke shara a gaban dutsen ƙanƙara?

Tambaya: Na ga wani wasa a talabijin lokacin gasar Olamfik ta hunturu. Mutum ya tura dutse a kan ƙanƙara, wasu biyu na biye da shi suna ta shara kamar an ce baƙi na tafe. Datti suke kawarwa ko kuwa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, sharar nan ita ce rabin wasan. Sunansa kalin, asalinsa daga Sikotland, inda aka samu wani dutsen wasan ɗauke da shekarar 1511. Ya shiga Olamfik a 1924, aka daɗe ba a ga shi ba, sai a 1998 ya dawo ya zauna.

Dutsen kan kai kilo 20, filin kuma tsawonsa wajen mita 45 ne. Kafin a fara, akan yayyafa ruwa a filin, ɗigon ya daskare ya zama ƙananan ƙuraje, a kansu dutsen ke tafiya. Mai turawa yakan ɗan murɗa hannun dutsen yayin sakinsa, don haka ba ya miƙewa sak, lanƙwasa yake yi a hankali.

To, a nan masu shara ke shigowa. Idan suka danna buroshi suka goga da sauri, saman ƙurajen nan yakan ɗan ɗumama, santsi ya ƙaru. Sai dutsen ya ƙara nisa da mita biyu zuwa uku, lanƙwasarsa kuma ta ragu. Ba sa ƙara masa gudu, hana shi saurin tsayawa kawai suke yi. Kyaftin na can ƙarshen fili yana duban layi, ihun da kika ji nasa ne: ku goga, ku bari. Ƙarfin jifar kuwa masu sharar ne ke auna shi da ido, suna tafe suna faɗa masa.

Kada ki raina aikin. Gwani yakan ɗora nauyin jikinsa kan buroshin, ƙafafunsa can baya, yana tafiya a kan santsi, takalmi ɗaya mai zamiya, ɗaya mai riƙe ƙasa. Shi ya sa atisayensu ya fi ƙarfi a kafaɗa, ƙugu da juriyar numfashi. In kuwa buroshi ya taɓa dutsen da suke rakiya, an yi laifi, galibi fitar da dutsen ake yi.

Har rigima aka yi a 2015, da aka fito da wani yadin buroshi mai kartar ƙanƙara, wanda ya sa mai shara ke juya dutse yadda ya ga dama. A 2016 hukumar wasan ta duniya ta ƙayyade irin yadin da za a yi gasa da shi, kuma a ganina ta yi daidai, don saura kaɗan gwanintar mai jifa ta tashi a banza.

Najeriya ma tana cikin hukumar tun 2018, ita ce ta farko daga Afirka.