Yadda Ake Gwada Furobayotik Domin Sassauta Ciwon Rikicewar Hanji

Ciwon rikicewar hanji, wanda likitoci ke kira IBS, lalura ce da ke sa murɗawar ciki da kumburi da sauyin yanayin bayan gida, wani ya yi ta gudawa, wani bayan gidansa ya ƙi fita, wani kuma su riƙa zo masa bi da bi, alhali idan an duba hanjin ba a ganin rauni ko ƙari. Bisa ƙa'idojin Roma na huɗu da aka fitar a 2016, ana ambaton wannan suna ne idan ciwon cikin yana zuwa aƙalla rana ɗaya a mako tsawon wata 3, kuma alamun sun faro tun wata 6 da suka gabata. Furobayotik kuwa, kamar yadda ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka fassara shi a 2001, rayayyun ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, waɗanda ke amfanar jiki idan an sha su gwargwadon da ya isa.

Mataki na farko shi ne tabbatar da sunan ciwon, domin a Koki, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, duk ciwon cikin da ya daɗe akan laƙaba masa olsa ko taifot ko basir, a aiki yaro kemis ya karɓo Flagyl, a sha kwana biyu a ajiye, wanda hakan kansa yana hargitsa ƙwayoyin da ke zaune a hanji. Abin da ya dace shi ne ganin likita a Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a gwada jini da bayan gida, saboda tsutsar ciki da amiba suna kawo alamu masu kama da waɗannan. Wanda ke ganin jini a bayan gida, ko yake ramewa ba dalili, ko zazzaɓi ke damunsa, ko gudawa ke tashinsa cikin dare, ko ciwon ya same shi bayan ya haura shekara 50, ba ya cikin masu gwajin furobayotik har sai an bincika shi sosai. Haka ma wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai shan maganin daji, ba ya farawa sai da izinin likita.

Daga nan sai a ɗauki mako biyu ana rubuta abin da aka ci da yadda ciki ya kwana, a ba zafin ciwon maki daga 1 zuwa 10, domin in ba a san inda aka faro ba, babu yadda za a gane ko an sami sauƙi.

Zaɓen abin da za a sha shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Furobayotik ba abu ɗaya ba ne, kowane iri da aikinsa, shi ya sa ake duba cikakken sunan ƙwayar a jikin kwali tare da lambarta. Daga cikin waɗanda aka gwada a kan masu wannan ciwo akwai Lactobacillus plantarum 299v da Bifidobacterium infantis 35624. A duba lambar rajistar NAFDAC, da ranar lalacewa, da yawan ƙwayoyin da ke raye, wanda akan rubuta da biliyoyi, sannan a karanta yadda ake ajiya. Wannan batu na ƙarshe ba ƙarami ba ne a garin da zafin bazara ke haura digiri 40 kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, domin kwalbar da aka ce a sa a firiji, idan ta yi wata a kan kantar shagon da rufinsa kwano ne, mai saye gawar ƙwayoyi kawai ya biya wa kuɗi. Mutumin da ba shi da firijin da zai dogara da shi gara ya nemi irin busasshen da ke jure zafin ɗaki.

Akwai masu tambaya ko kindirmo ba zai wadatar ba. Kindirmo yana ɗauke da rayayyun ƙwayoyi masu tsamar da madara, tunda ana dafa madarar ne, a bar ta ta huce, a zuba mata ɗan ragowar na jiya, a rufe ƙwarya ta kwana, sai dai ba wanda ya san irinsu ko yawansu a ludayi ɗaya, kuma na yau ba lalle ya zama daidai da na gobe ba. Nonon da ba a dafa madararsa ba, ko wanda aka tsinka da ruwan da ba a san asalinsa ba, yana iya ƙara wa mai gudawa wahala. Koko da daddawa ma ta hanyar tsima ake samar da su, amma wuta ta kashe akasarin ƙwayoyin kafin su kai baki. Saboda haka kindirmo mai tsabta abinci ne mai kyau ga wanda cikinsa ke karɓar madara, amma ba ya maye gurbin gwaji mai awo.

Gwajin kansa ana yin sa ne da iri ɗaya tak, a sha kullum gwargwadon yadda aka rubuta a kwali, da ruwan da ba mai zafi ba, ba da shayi ko kunun da ke tururi ba. Idan likita ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta a lokaci guda, a bar tazarar aƙalla awa 2 a tsakaninsu. A kwanakin farko ciki kan ɗan ƙara kumburi da iska, yawanci kuma ya lafa da kansa. Kada a sauya abinci gaba ɗaya a wannan lokaci, domin wanda ya daina ɗanwake da alale da ɗanyar albasa a ranar da ya fara shan ƙwayar ba zai san wanne ne ya kawo masa sauƙi ba. Rage waɗannan abinci masu sa iska gwaji ne na daban da ake yi kafin wannan ko bayansa.

Hukumar NICE ta Birtaniya ta ba da shawarar a ba gwajin aƙalla mako 4, ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasar kuma a 2021 ta sa iyakarsa a mako 12. Takwararta ta Amurka, ita ma a 2021, ba ta goyi bayan amfani da furobayotik ba saboda raunin hujjojin da ake da su, wanda ke nuna cewa ba kowa yake yi wa aiki ba. Idan wa'adin ya cika sai a ɗauko takardar da aka riƙa rubutawa a kwatanta makin farko da na ƙarshe: in ciwo da kumburi sun ragu a fili, a ci gaba tare da sanin likita, in babu bambanci, a daina kashe kuɗi a kansa, a koma asibiti da takardar a hannu domin a duba wata hanyar, kamar maganin sassauta murɗar ciki ko tsarin rage abinci masu tsima a hanji wanda Jami'ar Monash ta Ostireliya ta fito da shi.