Amsoshin Tambayoyinku: Yaƙi da Jahilci da Koyon Sana'a

Wani mai sauraronmu daga Damazin, a Jihar Blue Nile ta Sudan, ya ce shekarunsa sun ja, yana so ya koyi gyaran injin ban-ruwa amma bai iya karatun boko ba. Shin sai ya gama ajin yaƙi da jahilci tukuna?

To malam, a'a. Ana iya haɗa su. Bayan taron yaƙi da jahilci da aka yi a Tehran a 1965, hukumar UNESCO ta gwada wannan tsari a ƙasashe 11 daga 1967, har da Sudan. Manomi kan koyi haruffa daga sunayen taki da iri, lissafi kuma daga awon gona. Sakamakon bai kai yadda aka zata ba, amma dabarar tana nan, domin magidanci ba ya jure aji idan bai ga amfaninsa a aljihu ba.

Idan ka yi karatun allo, haruffan Larabci ba baƙi ba ne a wurinka. Lambobi za ka fi matsa wa, don karanta ma'aunin mai da rubuta kuɗin gyara. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya tsayar da makarantu da dama, saboda haka ka fara tambaya a ofishin ilimin manya na jiha, sannan ka nemi makanikin da zai ɗauke ka almajiri.