Daga gonar gyaɗa zuwa bakin yaro

Darasinmu na yau ya shafi ƴar ledar nan ta abincin tamowa da ake bai wa iyaye mata a gidan likita.

A shekarar 1996 ne Faransawa biyu, André Briend da Michel Lescanne, suka ƙirƙiro wannan abinci mai suna Plumpy'Nut. Niƙaƙƙiyar gyaɗa ce haɗe da garin madara, sukari, mai da sinadaran gina jiki. Kowace leda giram 92 ce. Ba a dafa shi, ba a dama shi da ruwa, kuma yakan shekara biyu bai lalace ba.

A da, sai an kwantar da yaro asibiti ana dama masa madarar magani. Yanzu, in tamowar ba ta haɗu da wata cuta ba, uwa takan karɓi rabon mako guda ta koma gida. Mun ga amfanin haka a yunwar 2005, musamman a jihar Maradi. A wannan shekara ce masana'antar STA ta Yamai ta soma sarrafa shi.

Sabon abinci ya zo da sabon tsari. Malamin asibiti yana ƙidaya yara ya aika da lissafi. Da lissafin ne masana'anta take sanin yawan gyaɗar da za ta saya. Dole kuma motoci su kai kaya ƙauyuka kafin damina ta yanke hanya, domin lokacin ne rumbu ke ƙarewa, tamowa ke yawaita. In ɗaya ya makara, yaro ne ke shan wahala.

To, ina matsayin manomi? Gyaɗar da ta sha danshi tana yin funfuna, funfunar kuma tana haifar da guba mai suna aflatoksin, wadda ke lalata hanta. Masana'anta tana gwada gyaɗa, mai guba kuwa ba ta karɓuwa. Don haka:

1. Mu cire gyaɗa da zarar ta nuna.
2. Mu shanya ta a kan tabarma har ta bushe ƙayau.
3. Mu tsince ruɓaɓɓiya da fasasshiya.
4. Mu ɗora buhuna bisa katako, nesa da bango.
5. Mu sayar a ƙungiyance, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayar tattaunawa: a garinmu, a ina gyaɗa ta fi shan danshi, a gona ko a ɗaki?