Darasi: Me Ke Cikin Batirin Sola?

'Yan'uwa, sau da yawa ikilisiya takan tara kuɗi ta sa sola a majami'a ko a ɗakin shan magani, bayan shekara biyu wuta ta ɗauke, sai a ce sola ta lalace. Alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Da silikon ake yinsa, wanda ake tacewa daga farin dutse dangin yashi, kuma yakan kai shekara 25 yana aiki. Batirin ne ke mutuwa.

Batirin da muka saba da shi na dalma ne da ruwan asid, tun 1859 aka ƙirƙiro shi a Faransa. Yana da araha, amma ba ya son zafi, ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf. In kullum ana shanye fiye da rabin cajinsa, wani farin gishiri yakan daskare a jikin dalmar, ya daina riƙe wuta. Mu ajiye shi inda iska ke shiga. In ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batiri za a ƙara, ban da na rijiya.

Na litiyam mai haɗin ƙarfe da fosfet ya fi tsada, amma yana jure caji sau dubbai. A ganinmu gara a ƙara haƙuri a tara kuɗinsa.

Mu lura, dalma guba ce. A 2010 ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara, ko da yake daga duwatsun zinariya ta fito. Kada a fasa tsohon batiri a gida ko a narka dalmarsa, a mayar wa dillalin da ya sayar da shi.